Igiyar da Na Saki a Tsiga

Sana'ar gidanmu haƙar rijiya ce da yasa. Ƙanena ke shiga ciki, don bai kai ni nauyi ba, ni kuma in riƙe igiya a baki. Dokar da mahaifinmu ya bar mana ɗaya ce: mai riƙon igiya, ko ciwon kai yake yi, ya faɗa.

Ni ban faɗa ba. Tun da damina maƙoƙo ya fito mini a wuya, kamar ƙwan zabuwa. Tare da shi faɗuwar gaba ta zo, da gumi ko ana sanyi, da rawar hannu. Sai kuma jiri wanda ba ya sallama, ina tsaye sai ƙasa ta juya. Na fara naɗa rawani ina rufe wuya har haɓa. Mutane suka ce na zama malam, na kuwa ji daɗin zancen, Allah Ya yafe mini. Tsorona kada a karɓe igiyar a ba mijin ƙanwarmu, in koma mai kwasar laka.

Da rani aka kira mu yasar wata rijiya mai zurfi a Tsiga. Ƙanena yana ɗaura igiya a ƙugu ya dube ni.

"Yaya, rawani a wannan rana? Ko limancin Kafur kake nema?"

"Shiga, sarkin surutu. Ruwa ake jira."

"To, riƙe da kyau, ɗumame na bari a gida."

Ya kai kamar rabi sai abin ya zo. Bakin rijiyar ya zama biyu a idona, yatsuna suka ƙi jin maganata. Faɗuwarsa kawai na ji.

An fito da shi da rai, ƙugu a karye. Na ce igiyar ce ta yi santsi, kowa ya yarda.

Shekara takwas ke nan yana dogara sanda, yana saƙar tabarma a ƙofar gida. Ni ko zama ba na iya yi wuri ɗaya. Sau uku ina zuwa wurinsa in ɓuge da zancen gona.

Jiya dai na durƙusa gabansa na faɗa masa komai. Hannunsa bai bar kaba ba. Can ya ce, "Yaya, matsa, ka tare mini haske."

Na matsa. Ya ci gaba da saƙarsa, ni kuma na kasa tashi.