Jinjina ga Malam Bututu, Wanda Ya Kai Ruwa Lambun Ƙarshe

Kafin rana ta ɗaga, ya riga ya turo babur ɗinsa waje. Babur ɗin ya tsufa, sai da lallashi yake tashi, har maƙwabta sun daina duba agogo, tarinsa kawai suke jira. A bayansa akwai wani buhu da ba sa rabuwa, cike da guntayen bututu, wani ya tsage, wani rana ta cinye shi. Mai ɗakinsa takan tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu ta ce, "Malam, in yau ma ka dawo mini da tarkacen nan, su za su kwana a ɗaki, kai kuma ka nemi wuri." Yakan ce, "An gama, ranki ya daɗe," ya tafi, da yamma ya dawo da wasu. Shekara goma sha biyu ke nan ana wannan rigima, har yau ba wanda ya ci.

Malamin gona ne a wata cibiyar bincike. Manoman bakin rafi sun daɗe da ajiye sunansa na yanka, Malam Bututu suke ce masa, shi ma da shi yake amsawa. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki bayan shekara talatin da ɗaya. Mun san yadda ake sallamar irinsu. Za a jera kujeru, wani babba da bai taɓa taka laka ba zai yi jawabi, a tafa, a watse. Shi ya sa muka ga gara mu faɗi abin da jawabin ba zai faɗa ba.

Ƙaramin manomi mai noman rani, ruwa ne ciwon kansa. Injin ban ruwa yana ɗebowa daga rafi, ruwan ya bi hanyar ƙasa da aka haƙa, kafin ya isa lambu yashi ya sha rabi. Bututun kasuwa ya fi ƙarfin talaka, in ma ya yi ta maza ya saya, rani biyu rana ta farfasa shi. Sai masu binciken cibiyar suka narkar da tsoffin robobi, suka gama da zaren rama, suka fitar da bututu mai ƙwari, marar nauyi, mai araha. A ɗakin gwaji sun matse shi, sun doke shi, sun shanya shi a rana, ko gezau. Aikin Malam shi ne ya kai shi lambu, sannan ya dawo wa masu bincike da abin da lambu ya ce. Rabin farko kowa zai iya. Rabi na biyun ne ya bambanta shi da sauran.

Ku tambayi masu lambu ku ji. Za su ce muku bai taɓa tsayawa a kan tudu yana nuni da baki ba. Takalmi yake tuɓewa, ya naɗe wando, ya shiga. Wata mai noman barkono ta ce sau uku ya dawo don ya nuna mata yadda ake wanke rariyar bakin injin, kuma ko sau ɗaya bai sa ta ji kamar kanta ne ba ya ja ba. Amma in kuna son ku san ko wane ne shi, sai ku ji abin da ya shiga tsakaninsa da Baba Mai Albasa.

Lambun wannan dattijo shi ne na ƙarshe a layi, mafi nisa da rafi. Ruwa sai ya gama da kowa yake isa wurinsa, a gajiye, ɗan siriri. Ragowar da bokiti biyu yake cikawa, daga rafi zuwa lambu, safe da yamma. Mutum ne mai taurin kai, sabon abu kuwa ba ya ko kallonsa. Wata biyu Malam yana zarya kafin ya shawo kansa.

"In ya fashe fa?" in ji dattijon.

"Ba zai fashe ba, Baba. Na ba ka maganata."

Da wannan magana Baba ya cike tsohuwar hanyar ruwansa, ya mai da wurin shuka. Shi da bai taɓa wuce fangali goma sha biyar ba, a ranin nan ya dasa arba'in. Malam ya shimfiɗa wa manoman layin bututu na farko da hannunsa, ya haɗa gaɓa uku da zoben roba irin wanda cibiya ta bayar, sai aka kira shi wani ƙauye. Ya bar musu zobban, ya ce su ƙarasa.

Kwana tara da dashe, bututu ya fara fashewa. Gaɓa ɗaya, sai ta biyu, kafin azahar ruwa na ta ɓulɓula a hanya, ko ɗigo bai kai ƙarshe ba. Albasa sabon dashe kuwa ba ta haƙuri da ƙishi, kwana uku ya ishe ta ta kwanta. Sauran manoma suna da tsoffin hanyoyinsu, suka koma musu. Baba ne kaɗai ba shi da wurin komawa. Da Malam ya iso, ya same shi tsaye a tsakiyar lambu, hannu a baya. Bai zage shi ba, bai ɗaga murya ba.

"Malam," ya ce, "saboda kai na cike hanyar ruwata."

Malam ya ce da duka Baba ya yi masa, da ya fi masa sauƙi.

A cibiya kuwa har an fara rubuta rahoto cewa manoma ba su bi ƙa'ida ba. Irin wannan jimla ba ta da wuyar rubutawa, don wanda aka ɗora wa laifin ba zai taɓa karantawa ba. Malam ya yanko duk wuraren da suka fashe, ya zube su a tsakar gida, ya zauna yana jujjuya su, kansa ya ɗaure tamau. Mai ɗakinsa ta zo wucewa da kwanon wanke-wanke, ta ja ta tsaya, ta yamutsa fuska.

"Wai me ka ƙona ne? Tarkacen nan ƙauri suke yi, kamar an babbaka igiya."

Ya kai guda hancinsa, nan take ya gane. Duk a baki suka fashe, cikinsu kuma ya yi baƙi. Ai kowane mai lambu haka yake haɗa bututun roba tun da aka fara kawo shi kasuwa: ya hura 'yar wuta, ya gasa bakin har ya yi laushi, ya cusa shi cikin ɗan'uwansa. Roba zalla tana jure wannan. Amma wannan akwai zaren rama a cikinsa, wuta ta cinye zaren ta bar ɓawo. Zobban da ya bar musu ko taɓa su ba su yi ba. Shi kuma, da ya shekara ashirin yana ganin wannan ɗabi'a har idonsa ya daina lura da ita, bai tuna ya hana su ba.

Washegari ya zube guntayen a kan teburin Injiniya, matar da ta jagoranci ƙera bututun. Ta saurare shi, ta jawo wata takarda ta buɗe.

"Ga shi nan a shafi na huɗu, Malam. An ce kada a kusantar da shi ga wuta."

"Injiniya, takarda a nan take kwana. Ni ne nake zuwa lambu, ni ne kuma ban faɗa ba. In laifi za a rubuta, a rubuta sunana, a cire na manoma. Sai dai ko na faɗa, wallahi baɗi za su sake. Hannunsu ya riga ya saba. Ki zo ki gani da idonki."

A nan dole mu yaba mata, don ta zo. Ta tsuguna a bakin rafi, wani manomi ya hura wuta ya nuna mata, cikin minti biyu ya haɗa gaɓa. Ta tambaye shi tsawon abin da ke shiga wutar, ya buɗe tafin hannunsa ya ce taƙi ɗaya. Ta koma ɗakin gwaji. Bayan wata huɗu cibiya ta fitar da sabon bututu: jikinsa roba da rama, amma bakinsa, tsawon taƙi ɗaya, roba ce zalla, mutum ya gasa yadda ransa yake so. Shi ne wanda kuke gani yau shimfiɗe a lambuna, kuma ba wanda zai gaya muku yadda aka yi bakinsa ya fita dabam.

Albasar Baba dai ba ta jira wata huɗu ba. Sati uku Malam yana isa lambun da sassafe, ya ɗaɗɗaure gaɓoɓin da robar tsohon tiyub, ya ɗauki bokiti, su yi ta zarya shi da dattijon. Kafaɗarsa ta kumbura har mai ɗakinsa tana gasa masa. Suka sake haƙa hanyar ruwan. Cikin fangali arba'in, sha biyu suka tsira.

Da sabon bututu ya zo, maƙwabta suka karɓa ɗaya bayan ɗaya. Malam ya je wa Baba da shi, ya fara bayani. Dattijon ya ɗaga masa hannu.

"Ni sau ɗaya ake yi mini."

Ya koma wa bokitinsa. Shekara tara, jama'a. Lambunan da ke gabansa suka yi kore shar, shi kuma bayansa yana ƙara ranƙwafawa. Wannan abu ya ci Malam a rai ƙwarai. Yakan ce wa mai ɗakinsa, "Kowa ya sami ruwa, sai wanda na fi so ya samu." Wani ne da ya sauya hanya don kada su haɗa ido. Shi kuwa duk mako sai ya ratsa ya gaishe shi, ya ɗebo masa bokiti biyu, ya wuce. Bai ƙara ambatar bututu a lambun ba ko da wasa.

Kai ne, Malam, ka nuna mana cewa mutum yana iya yin kuskure a gaban jama'a ya tsaya a wurin, bai gudu ba, bai laƙaba wa na ƙasa da shi ba. Kai ne ka shigar da hannun manomi cikin ɗakin gwaji, har masu digiri suka gyara aikinsu don ya dace da shi. Kunnen cibiya a bakin rafi, bakin manoma a ofis! Ba ka rubuta littafi ba, sunanka ba ya jikin bututun, amma duk wanda ya kunna inji ya ga ruwa ya isa shukarsa bai ragu ba, da guminka a ciki.

Makon jiya ya je yi wa Baba sallama. Ya same shi zaune a gindin bishiya, bokitan a gefe, yana mai da numfashi.

"An ce za ka ajiye aiki."

"Ƙarshen wata, Baba."

"Wa zai zo a madadinka?"

"Wata malama ce. Ta iya aiki, ta ma fi ni karatu."

"Ita ma tana ɗaukar bokiti?"

Malam ya yi dariya, dattijon bai yi ba. Ya daɗe yana kallon lambun maƙwabcinsa, sannan ya ce, "Shekara tara ina jiran bututun nan ya fashe in yi maka dariya, ya ƙi. Kai ma ina jira ka gaji ka daina zuwa, ka ƙi. To, ni na gaji. Ɗauko igiyar awonka. Amma da hannunka za ka shimfiɗa, ba na son na kowa."

Kwana biyu suka yi suna aikin, maƙwabta suna taya su. A wannan karon Malam bai matsa ko nan da can ba sai da aka haɗa gaɓa ta ƙarshe. Aka tashi inji. Baba yana tsaye a fangalin da ya fi kowanne nisa, inda ruwa ya shekara tara bai zo da ƙafarsa ba. Bututun ya yi tari sau biyu, ya furzar da iska, sai ga ruwa da ƙarfinsa, ya rufe masa idon sawu. Dattijon ya sunkuya ya taɓa, ya ɗago.

"Ashe haka yake da sauri," ya ce.

Waɗanda suke wurin sun ce Malam juya musu baya ya yi, wai yana duba wata gaɓa. Ba gaɓar da yake dubawa. Kuka yake yi, na farin ciki, kuma ba wanda ya ga laifinsa.

Ku masu bincike, da ku sababbin malaman gona da za ku hau babur bayansa, ga abin koyi a gabanku. In abin da kuka ƙera ya lalace a hannun talaka, kada ku yi saurin jawo takarda. Ku je wurin, ku tsuguna, ku tambaye shi yadda ya yi. In kuma ku ne kuka ɓata, ku faɗa da bakinku, ku ci gaba da komawa ko da ba a sakar muku fuska ba.

Mun gode, Malam. Manoman bakin rafi sun gode, 'ya'yansu sun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar cin moriyar hutunka. Je ka huta da zuciya ɗaya, ruwa ya isa lambun Baba.