Ƙafar Baba da Ruwan Jegona

Shekarar da na koma gida wankan jegon fari ita ce shekarar da ƙafar Baba ta hagu ta fara yi masa gardama. Mahauci ne a Mafara, kuma bai yarda da idon kowa wajen zaɓen dabba ba. Da ƙafa yake zuwa Bakura ko Maradun ya zaɓo ya koro. Tun da aka tare ruwa a Bakolori fadamu suka bushe, makiyaya suka ja nesa, tafiyar yini ta koma ta kwana biyu. Gidanmu duka daga ƙafar nan yake ci.

Da ya ɗan yi tafiya sai sharaɓarsa ta ɗaure, ya tsaya yana duban ƙasa kamar ya yar da wani abu, don kada a gane. Tafin ƙafar kuwa sanyi ƙalau ko da rana tsaka. Wanzami ya yi masa ƙaho sau biyu, baƙin jini ya fita, aka ce mataccen ne, amma babu abin da ya sake.

Cikin baƙin da aikin dam ya kawo akwai wani ɗan Caina mai gyaran injin ban ruwa. Duk Talata yakan zo teburin Baba da direbansa, wanda ke yi masa tafinta, ya tsallake tsoka mai kyau ya sayi jijiya da ƙafar sa, mahauta suna yi masa dariya. Shi ya lura da tsayuwar Baba. Ya ce kakansa mai magani ne a ƙasarsu, ya roƙi a bar shi ya duba.

A zaure ya duba shi, ina laɓe bayan asabari da jaririyata. Ya ɗora yatsu uku a wuyan hannun Baba ya daɗe yana jin bugun jijiya, ya sa shi ya fito da harshe, sannan ya koma bayan ƙafa. A ta dama nan da nan ya samu abin da yake nema. A ta hagu ya yi ta lalube. Ta bakin direba ya ce a saninsu jini tare yake tafiya da wani ƙarfi mai tura shi, kuma duk inda suka tsaya nan sanyi da ciwo ke zama. Ba yawa jinin Baba ya yi ba balle a zuƙe shi, hanyarsa ce ta ƙuntata, kamar magudanar gona da laka ta cike. Ya ba da ƙunshin jajayen saiwoyi da busassun furanni, a dafa a sirka, a riƙa tsoma ƙafar. Ya ce ruwan ɗumi kawai, saboda ƙafar ta riga ta daina jin zafi, ko tana ƙonewa ba za ta yi kuka ba. Har ƙwarya ya sa aka kawo, ya naɗe riga ya tsoma gwiwar hannu, sau biyu, don a ga yadda ake gwadawa. Ya kuma ce kada a jima ba a je babban asibitin Sakkwato ba.

Na ji duka. Ba zan ɗora wa direba laifin ya rage wani abu ba.

Sai dai a lokacin gani nake babu wanda ya san ruwan zafi kamar ni. Kwana ashirin ke nan safe da yamma ana fyaɗa mini tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya, ban taɓa cewa ko uhum ba, matan unguwa suna ta yabon jarumtata, kaina kuwa ya kumbura. Inna ta yi kwana huɗu tana yi wa Baba yadda aka ce, ban ga canji ba. Na ce mata wannan ai ruwan wankan jarirai ne, mutumin da ke barin tsoka ya ci jijiya shi zai koya mana gashi? Ta ce in iya bakina.

Ranar da ta tafi gaisuwar mutuwa Bakura na samu fili. Na juye saiwoyin a tukunyar jegona, na ɗebo yana tururi, ban sirka ba. Da ludayi na riƙa zubawa, don hannuna ba zai shiga ba.

"Baba, da zahi?"

"Ban jin komi, ɗiyata."

Ƙafar da ta yi wata da watanni a koɗe sai ga ta tana ja. Daɗi ya kama ni, na ce masa ya duba, ga jini nan ya dawo. Ya leƙa ya yi murmushi, har yana cewa mako mai zuwa zai leƙa Maradun. Da la'asar na sake yi masa.

Gari ya waye ƙafar ta yi bororo, da na sa tsumma fatar ta biyo shi. Ƙunar ba ta kama hanyar warkewa ba ko kaɗan. Babban yatsa ya yi baƙi, na kusa da shi ya bi, ɗakin ya fara wari.

Da Talata ta zagayo ɗan Cainan ya zo da sabon ƙunshi. Ya durƙusa ya miƙa yatsunsa uku, ya rasa inda zai ɗora su. Ya tambaya wa ya yi wannan.

Baba ya dubi direba. "Hwaɗa mai ni niz zuba ma kaina. Na ƙosa ne."

Ina bayan asabari ina ji, ban fito ba.

A motarsu aka kai shi Sakkwato ranar, aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Likita ya gaya wa yayana wai wataƙila ko ba ƙunar da haka za a ƙare. Na yi shekaru ina jingina da wannan wataƙila, ba ta taɓa ɗaukata ba. Teburin ya koma hannun wani, yayyena suka shiga ƙwadago a gonakin shinkafa, mutumin da ya san kowace hanyar shanu har Gidan Goga ya koma zaman tabarma a ƙofar gida. Ko Inna ta gane, ba ta taɓa tambayata ba.

Ya ƙara shekara shida a duniya, bai taɓa tayar da maganar ba ko muna mu biyu. Duk zuwan da zan yi, ni yake sa in ɗuma masa ruwan alwala, a gaban kowa, yana shi mini albarka. Nakan sirka, in gwada da gwiwar hannu, in sake sirkawa, in ajiye masa in juya. Wata rana na waiga da wuri, sai na ga ya tsoma ɗan yatsa cikin ruwan a hankali kafin ya ɗiba.