Ranar da Na Kulle Kaina a Waje

Ina cikin shekara ta huɗu a aikin tsaron intanet na wani kamfani a Abuja, yayata ta kira ta ce jikin Inna ya ƙi daɗi, in zo. Aikina zura wa allo ido ne, ina jiran masu kutse waɗanda ban taɓa ganin fuskar ko ɗayansu ba. In an wuni lafiya babu mai cewa sannu, in abu ya ɓaci sunana ake fara kira. Wuyana ya sage, idona kullum kamar an watsa masa yashi, ko wayar wani ce ta yi ƙara a masallaci sai gabana ya faɗi. Na gaji, irin gajiyar da barci ba ya cirewa.

Da ƙyar aka ba ni kwana uku, ban da na hanya. Na cusa kwamfutar ofis a jaka, wai ko da wani abu zai taso. Babu fa wanda ya ce in ɗauka.

Gidanmu yana gefen Illo, dab da iyakar ƙasar Benin, inda sabis ɗin Najeriya yake zuwa in ya ga dama. Na tarar da Inna a kan tabarma duk ta rame, amma ta sa an yi mini tuwon shinkafa da miyar kifi. Tana magana ina "to, to", hannuna a sama da waya ina laluben sabis. Ta dube ni ta ce, "Wai kai mi kaka gadi haka, da ba a barin shi ko na loma guda?" Na ce sirrin mutane ne. Ta ce to Allah shi tsare, ta juya fuska bango.

Yayata ta tausaya mini ta miƙo wayarta. Layin Benin ne a ciki, kamar na yawancin 'yan unguwar, don shi ya fi kamawa. Na jona kwamfutar da shi, na sa kalmar sirri, sai allo ya ce an rufe ni. Nan na tuna. Ni da hannuna na tsara dokar: duk wanda ya nemi shiga daga wajen Najeriya a kulle shi, kuma ba a buɗewa sai ya zo ofis da ƙafarsa. Har yabo na sha a kanta. Ga ni a ɗakin da aka haife ni, na'ura ta ce daga ƙasar waje nake.

Mai hankali da ya rufe kwamfutar ya ci tuwonsa. Ni kuwa na ɗare babur ɗin ɗan kabukabu, muka yi ta tafiya a hanyar Bagudo har inda layina ya kama. Na kira oga na shiga ba shi haƙuri. Ya saurare ni, sannan ya ce shi bai ma lura ba, abokin aikina yana kan allon, in huta sai na dawo. Na tsaya a bakin hanya ban san ko daɗi na ji ko haushi ba. Shekara huɗu ina ganin in na kifta ido komai zai rushe.

Sai bayan la'asar na dawo. Tuwo ya huce, Inna ta yi barci. Kunya ta kama ni sosai. Na zauna a gefen tabarmar har ta farka, ta dubi hannuna ta ga babu komai a ciki, ta miƙo mini ƙafarta in matsa.

Kwana biyun da suka rage haka muka yi su. Ta ba ni labarin kwalekwalen marigayi Baba da yadda ya kife da su a kogi suna amare, labarin da ta sha farawa ina katse ta. Wannan karon na ji shi har ƙarshe.

Ranar da zan tafi, ta kira yayata a gabana ta ce, "Ki aje layin ga da kyau. In ya sake zuwa, shi za ki hwara ba shi tun daga zaure."

Muka yi dariya. Wata bakwai ina cewa sai aiki ya lafa zan koma. Zuwana na gaba, ta'aziyyar Inna ake karɓa a ƙofar gida. Ina shiga zaure na tarar da yayata a tsaye, wayar a hannunta, ta miƙo mini.