Cikin Biba da Ya Kwanta

A Urno, in aka ce tabarmar Biba ce, ba a tsayawa duba baki. Shekarunta sun doshi hamsin, kuma tun tana amarya a gidan Arzika take saƙar kaba, ana kai mata kasuwar Madawa. Ta haifi bakwai, ta yaye shida. A duk tsawon zaman nan ba wanda ya taɓa zargin tana gajiya. Da safe daka, da hantsi rijiya, da rana gona, da marece saƙa. Wai ai saƙa hutu ce, tunda a zaune ake yin ta.

Sai al'adarta ta fara wasan ɓuya, daga baya ta ɗauke ɗungurungum. Wani zafi kuma ya riƙa taso mata daga ƙirji zuwa fuska, ta jiƙe sharkaf ko a tsakiyar ɗari. Hindatu, yayar Arzika, ta dube ta sau ɗaya ta yanke hukunci: ciki ne, ya kwanta. Ba a yi wa Hindatu musu a wannan fanni, domin ita ma nata cikin ya kwanta tun shekarar da fara ta cinye gero, har yau bai ga damar tashi ba.

Nan fa duniya ta gyaru. Arzika ya sayo ragon suna daga Bangi. Aka karɓe taɓarya da guga aka miƙa wa matan ƴaƴanta. Ɗan da ba wanda ya gani ya samu gatan da uwarsa ba ta taɓa samu ba. Biba dai ta san babu kowa a ciki, wadda ta haifi bakwai ba a koya mata wannan. Amma ta ɗanɗani barcin rana, sai ta ja bakinta ta yi shiru.

Damina biyu ta wuce. Rago ya yi ƙiba har yana nishi, haƙurin Arzika kuwa ya rame. Ya ce a tafi asibitin Madawa a tayar da cikin.

Likitar mata, Rahinatu, ta bar Arzika da Hindatu a kan benci, ta shiga da Biba ita kaɗai.

"Inna, yaushe rabonki da fashin salla?"

"Tambayi ragon, tare munka soma jira."

Rahinatu ta ɗora mata na'urar duba ciki, ta duba, ta sake dubawa. "Inna, babu kowa."

"Na sani, ɗiyata. In da baƙo ɗaki, mai ɗaki ka hwara sani."

"To mi ya kawo ki?"

"Su sunka kawo ni. Amma tunda na zo, wutar ga da ka taso mini, tana da magani ko ita ma haƙuri za ki rubuta?"

Likitar ta yi dariya, ta yi mata bayani dalla-dalla. Haihuwa ce ta tsaya, wani sinadari da jikin mace ke yi ya ragu, shi ne zafin da zufar. Akwai maganin da ke cike gurbinsa, amma ba kowa ake ba ba. Ta auna jininta, ta taɓa ƙirjinta ko da ƙullutu, ta tambayi ko jini ya taɓa daskare mata a ƙafa, ko wata a danginsu ta yi ciwon daji na nono. Babu ko ɗaya. Ta rubuta mata, ta ce ta dawo bayan wata uku.

"Sai dai ba ya maido da haihuwa."

"Wa ya ce miki cigiyarta nikai?"

"Kuma kina iya ganin ɗan jini a farko. In ya yi yawa, ki zo nan da nan."

Biba ta tsaya a bakin ƙofa tana juya maganar. Ga hanya a share: in jini ya zo, ta ce ciki ya zube, a yi mata jaje. Amma jaje kwana nawa ne? Ana gama shi taɓarya za ta dawo da ƙafarta.

Ta fito. Arzika ya miƙe. "Ya tashi?"

"Malam, ba shi tashi, don ba shi nan. Girma ne ya zo."

Abin da ya fara fitowa daga bakin Arzika shi ne, "To ragon hwa?"

"Ka ga inda hankalinka yake. Wanda babu shi kun raga mashi daka da rijiya. Ni da nike nan, da zuhwata da komi, sai in koma? Taɓarya ta zauna inda take."

Suka hau mota suka koma Urno.

Da layya aka yanka ragon, Biba ta ɗauki hanta ba ta nemi izini ba. Taɓarya na hannun surukai har yau, suna daka suna gunaguni, ita kuwa tana saƙa a inuwa, zufa ta yi sauƙi. Ran nan Hindatu ta zo ta zauna gefen tabarma, ta daɗe tana yaba saƙa, tana fifita da bakin mayafi. Can ta rage murya.

"Biba, likitar ga taku, wace rana take zama?"