Yatsan da Ba Ya Kuskure

A asibitin babu mai kiransa da sunansa. Yatsa ake ce masa, kuma shi ya raɗa wa kansa, wannan kaɗai ya isa ya gaya maka irin mutumin. Shekara ashirin da shida ya yi yana yi wa mutane allurar kashe zafi a ɗakin tiyata. Ba likita ba ne, nas ne da ya ƙaro kwas na shekara biyu, amma idan majinyaci ya ce masa likita ba a taɓa jin ya gyara ba.

Taƙamarsa ɗaya ce. Can ƙarshen ƙashin baya, dab da mazaunai, akwai wata 'yar kafa tsakanin ƙullutu biyu na ƙashi. Ta nan ake zura allura a zuba magani, ya bi ya kwantar da jijiyoyin da suka gangara ƙafa. Yatsa yakan ce ko an ɗaure masa ido, babban yatsansa na hagu zai lalubo ta. Don haka ba ya ɗaukar kaya da wannan hannun, ba ya buɗe kwalba da shi, farcen ma matarsa ke yanke masa. Mutum har ya yi furfura yana renon yatsa kamar jariri.

Sau da yawa yana dacewa, ba za a ƙi masa wannan ba. Sai dai ba duka aka yi ƙashin mutane iri ɗaya ba. Wani kafarsa ta hau sama, ta wani ta karkace, ta wani 'yar mitsitsiya, wani kuwa ƙashin ya haɗe ruf, babu kafar sam. Duk wannan yana cikin littafin kwas ɗinsa, amma shafin ya daɗe da fita daga kansa. In allura ta ci karo da ƙashi, to laifin na kwance ne: ya motsa, ko ƙiba ta yi masa yawa, ko raki gare shi. Sai ya rubuta a fayil cewa majinyaci bai ba da haɗin kai ba, ya cire safar hannu, ya tafi shan shayi.

Da aka kawo wata likita shugabar sashen, ta zo da na'urar hoto mai nuna ƙashi kafin a soka allura. Yatsa ya kalli na'urar ya taɓe baki, ya ce talabijin ce ta waɗanda ba su da hannu.

Ana nan sai ciwon baya ya kama yayarsa. Ita ta rene shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta goya shi a wannan bayan, sannan ta shekara talatin a sunkuye kan keken ɗinki. Yanzu ciwon ya taso daga kwankwaso ya gangara ƙafar hagu, ko takalmi ba ta iya sawa da kanta. Aka rubuta mata wannan allurar. Kafin ranar ta zo, babu mai kawo ɗinkin da ba ta gaya wa ba cewa Autanta ne zai yi mata da hannunsa, hannun da bai taɓa kuskure ba.

Likitar ta kira shi gefe, ta ce ba a so mutum ya yi wa jininsa aiki, ya bar mata, ko aƙalla a duba da na'ura tukuna. Ya sha mur. A ganinsa sunan da ya yi shekara ashirin da shida yana ginawa ake so a ƙwace, kuma a gaban Yaya. Ya ƙi. Har nas biyu ya kira su tsaya su ga yadda ake aiki.

Yaya ta kwanta rub da ciki, aka sa mata matashi a ƙarƙashin mara, aka goge wurin da magani. Ya ɗora yatsan, ya lumshe ido don 'yan kallo. Bai ji ƙullutun nan biyu ba, ƙashi ya ji sumul. Mai hankali nan zai tsaya. Shi kuwa ya soka. Allura ta daki ƙashi. Ya zare, ya ɗan hau sama, ya sake. Ƙashi. A ta uku Yaya ta damƙe bakin gadon. A ta huɗu maganin ya taru ƙarƙashin fata, wurin ya kumbura. Gumi ya karyo masa, nas ɗin nan suka koma kallon bango.

"Yaya, ki daina motsi mana," in ji shi, da ƙarfi don kowa ya ji. "Ke kike ɓata aikin."

Yaya kuwa ko numfashin kirki ba ta yi, balle motsi. Ta dai ce to.

A ta biyar likitar ta shigo, ta ce ya isa. Ta ɗora na'urar, hoton ya fito: farin layi miƙe, ƙashi daga sama har ƙasa, babu inda allura za ta bi. Ta juyo masa da fuskar na'urar ya gani da idonsa. Ta ɗaga ranar, ta ce idan kumburin ya saɓe za ta yi allurar ta wata gaɓa can sama. Yaya tana kife, ba ta ga komai ba, turancin da suka yi ma ba ta ji ba.

Da la'asar ya shiga ɗakin da aka kwantar da ita. Tana kwance ta gefe ɗaya don ba ta iya jingina bayan. Kunya ce fal cikinsa, kuma ya san abin da ya kamata ya faɗa, ba shi da tsawo. Ya ja kujera ya zauna, yana gyara agogo, yana neman ta inda zai fara. Ita ta riga shi.

"Auta, ka yi haƙuri. Na yi iya ƙoƙarina in tsaya cik, ban san ina motsi ba. Na ba ka kunya a gaban abokan aikinka."

Ya dube ta. Idonta ya yi ja, kuma da gaske take roƙonsa. Ya yi gyaran murya.

"Ba komai, Yaya," ya ce. "Gaba dai sai ki kiyaye."