Goggo Sabuwa, Wadda Ba Ta Ɗaukar Dinya Ta Ƙafa

Kafin rana ta ɗaga, Goggo Sabuwa ta riga ta sauka garka, ɗan lambu mai shinge da ke bayan gidan Mu'azu, ɗan wanta, a gefen Taloka. A can take kiwata masa dinya, tsuntsayen nan masu dogon wuya da suka fi agwagwa girma da faɗa. Ba ta buɗe musu ƙofa sai ta gaishe su tukuna: "Kun kwana lahiya? To, a hito sannu, ba kasuwa za mu ba." Sai ta cika musu roba mai zurfi, domin dinya ba ta jin ta sha ruwa in ba ta tsoma kai har ido ba. Ta zuba dusa, ta kora su bakin fadama su ci ɗanyar ciyawa. Tana bayansu, hannuwa a buɗe, ba sanda. Tun Mu'azu bai yi aure ba take wannan aiki.

Bana kuwa da lalube take nemo sakatar ƙofar. Yanar ido ta rufe mata gani, an kuma ce ta je Sakkwato a yi mata aiki. Ba idonta ne ya hana ta sakewa ba. Kansila ne.

Kansila shi ne toron garken, namiji ɗaya tilo. An sa masa sunan ne don ba ya ganin taro bai yi jawabi ba. Mutanen unguwa sun kasu biyu a kansa. Wasu na cewa dinya muguwa ce tun fil azal, sanda kaɗai take ji. Wasu na cewa tsohuwar tana da asiri, shi ya sa ba ya taɓa ta. Duka biyu zancen wanda bai taɓa tsayawa ya duba ba ne. Waɗanda suka duba sun san ranar da Kansila ya canza. Wani mai sayen kaji ne ya zo daga kasuwar Gandi, Goggo ba ta nan, ya cafko macen da toron ya fi shaƙuwa da ita ta ƙafafu, ya ɗaga ta kai ƙasa don ya ji nauyinta, yadda kowa a ƙasar nan yake ɗaukar kaza da zabo. Jikin dinya ya fi ƙarfin ƙafarta. Ƙugu ya goce, sai yankawa aka yi. Tun daga ranar, duk hannun da ya yi ƙasa wajen ƙafa, Kansila ya san abin da yake nufi.

Ke ce, Goggo, kika zauna da shi a rana har ya koma cin abinci. Ke ce kika hana a jefe shi, kina cewa tsuntsun da ya tuna wanda ya ɓata masa ba mahaukaci ba ne. Uwar masu dogon wuya, mai kora ba sanda.

Amma haƙurin gida ya kusa ƙarewa. Toron ya make wata maƙwabciya da ƙashin fiffike a gwiwa, ta yi kwanaki tana ɗingishi. Mu'azu ya ce, a gaban matarsa Mashkura: "Goggo, ran da kit tahi Sakkwato, wuƙa za ni sa mishi. Wa ka iya shi in ba ke ba?" Ya san in toron ya tafi, ƙwai ba zai ƙara ƙyanƙyashewa ba, garken ya ƙare ke nan. Goggo ma ta sani. Sai ta yi ta ɗaga tafiyar, yau ciwon kai, gobe babu mota, idon kuwa yana ƙara rufewa.

Ana cikin haka Kansila ya dawo daga fadama yana jan ƙafa. Zaren ragar masunta ya naɗe masa ita har ta kumbura. Goggo ta shafa ta ji zaren, amma ba ta ganin inda za ta sa reza. Dole wani ya riƙe, wani ya yanke. Mu'azu ya naɗe hannun riga ya sunkuya. Hucin da toron ya yi ne ya gaya mata inda hannunsa ya nufa.

"Mi kaka shirin yi?"

"Kama shi za ni, Goggo."

"Ta ƙahwa? Kai da mai kajin Gandi uwa guda ta haihe ku? Ɗauki reza ka koma gehe. Mashkura, taho nan."

Mashkura, wadda ko shanya ba ta yi a garka sai an rufe dinya, ta tsaya bakin danga. "Goggo, ba ni iyawa. Wanga abu ya tsane ni."

"Bai tsane ki ba, gudu kika yi kullum, shi ko ya ɗauka wasa na. Tsaya inda kike. Kak ki ba shi baya, kak ki dubi ƙahwatai."

Toron ya shimfiɗa wuya ƙasa ya nufo ta. Goggo ba ta ganin komai sai farin abu yana motsi. Da kunne take bin sa. Da a ce Mashkura ta juya, da magana ta ƙare a nan.

"Yanzu. Wuya, ƙasa da kai, ba shaƙewa ba. Jawo shi jikinki. Danne hihhike da hammata, kai ya dubi baya."

Fiffike ɗaya ya kuɓuce ya sami Mashkura a damtse. Ta yi salati, ba ta saki ba. Ta tallabo ƙirjinsa, ta zauna a ƙasa da shi a cinya, yana ta surfa jawabi ta bayanta.

"Goggo, zagina shika yi?"

"Awo. Ni ma haka munka hwara."

Mu'azu ya yanke zaren. Da aka saki toron, ya karkaɗe jiki, ya ɗingisa ya tsoma kai cikin roba. Goggo ta juya wajen da take jin numfashin ɗan wanta. "To, ga wadda ka iya shi. Ina wuƙar?" Mu'azu ya daɗe yana duban shatin da ya fito a hannun matarsa. Abin da ya ce kawai shi ne, "Mu gani."

A kan wannan "mu gani" Goggo ta shiga mota. Likita bai yi mata alkawarin komai ba, Mu'azu ma haka. Yanzu Mashkura ce ke sauka garka da safe. Har yau tana ɗari-ɗari da shi, kuma Kansila kan wuce ta ya je ƙofar ɗakin tsohuwar ya yi kira, ya saurara. Amma jiya an ga ya yarda Mashkura ta kora shi fadama, tana baya, hannuwa a buɗe.

Goggo Sabuwa, mun gode. Kin saka ganinki a kan ran tsuntsu, abin da ba za mu ce wa kowa ya yi ba, sai dai kin nuna mana cewa abin da muke kira mugun hali sau da yawa amsar hannunmu ce. Allah ya buɗe idon, ki dawo ki ga ƙyanƙyasar bana da kanki. Ku kuma masu sayen dinya a Wurno, Rabah da Goronyo, al'adar ɗaukar kaza ku bar ta ga kaza. Ku tallabi tsuntsun a hammata, ku bar masa ƙafarsa. Mu'azu, muna jin ka. Wuƙar tana kube, a bar ta can har Goggo ta dawo.