Saniyar da Na Kora Cikin Rami

Ina da shekara goma sha bakwai mahara suka kama ni a dajin Dakoro, ina bin awakin babana. Aka yi ta sayar da ni daga hannu zuwa hannu har bakin teku, inda Nasaran Holanda suka sa mini kayan soja, suka kai ni tsibiransu na gabas. Da ƙarfina ya ragu suka sallame ni, jirgi ya sauke ni a ƙasarsu, na samu wani maƙeri a cikin birni ina hura masa zugazugi. A shekarun nan ne keke ya fara yawa a wurinsu, rabin aikinmu gyaransa ne. Maigidana ya koya mini hawa a bayan maƙera. Duk faɗuwar da na yi sai ya tuntsure da dariya ya ce, "Tsoho, harsashi bai kashe ka ba, kada ƙarfen nan ya kashe mini kai."

Na daɗe a birnin ban taɓa leƙa bayan gari ba. Wata Lahadi, bayan sanyinsu ya wuce, ya ba ni aron kekensa. Ya ce, "Bi kogi, ka bar shi a damanka. In ka gaji ka juyo ka sa shi a hagu. Ko jaki ba zai ɓata ba."

Hanyar a kan wata ganuwar ƙasa take, wadda suka tara da hannu tun kakanninsu don kada kogi ya cinye su. Da gidaje suka ƙare sai na tsaya na sa ƙafa ɗaya ƙasa ina kallo. Kogi cike fal a dama, doki na tafe a gaɓa yana jan jirgin kaya da igiya. A hagu kuwa gonaki ne a ƙasa, ƙasa da ruwan kansa. Ga wasu dogayen gine-gine masu fikafikai huɗu, iska na juya su, aikinsu kwashe ruwa daga gona su zubar. A garinmu mutum da bijimi za su wuni bakin rijiya suna jan guga don dabbobi su jiƙa maƙoshi, nan kuma ruwan ne ya ishe su. Na yi tasbihi, na ci gaba da tuƙi, iska mai sanyi na shiga rigata. Babu ƙaya, babu rairayi mai riƙe ƙafa. Ban san lokacin da na fara waƙar da muke yi wajen kiwo ba.

Can sai na hangi wani fili kore shar, shimfiɗe kamar tabarma, an kewaye shi da dogon ramin ruwa maimakon shinge. Shanu biyar, baƙi da fari, suna ci a tsakiyarsa, babu makiyayi ko ɗaya. Ban taɓa ganin ciyawa ta fito haka daidai wa daida ba sai shuka, don haka na ɗauka alkama ce ko shinkafa ta tsiro. A wurinmu duk wanda ya ga dabba cikin shukar wani ya wuce, to shi ma ya yi ɓarna. Na sha bulala a kan wannan tun ban iya ɗaura wando ba.

Na jefar da keke, na gangara, na buɗe ƙyauren katako da ke kan wata ƴar gada, na tsinci sanda na shiga ina ihu irin namu. Shanun can ba su san ihu ba. Suka firgita, suka yo kan gadar gaba ɗaya, ita kuwa ba ta ɗaukar biyu a jere. Wata babba mai tsohon ciki ta zame ta afka ramin, laka ta riƙe ta har ƙirji. Sai a lokacin na duba ƙasa da kyau, na ga ciyawa ce nake takawa.

Na yar da sandar cikin ruwa kafin kowa ya iso. Mai gonar ya zo a guje da takalman itace, dattijo ne siriri, matarsa na biye. Ya dubi ƙyaure, ya dubi matar, ya ce, "Ke kika yi tatsa da safe. Sau nawa zan ce ki sa sakata?"

Ta ce, "Na sa, maigida. Da hannun nan na sa."

"To saniyar ce ta zare da bakinta?"

Ina tsaye ina ji, ban ce uffan ba.

Abin da na gani bayan nan har yau ina jinjina masa. Dattijon ya busa wani ƙaho sau biyu, maƙwabta uku suka ɓullo, ɗaya da doki, ɗaya da faffaɗan katakai, ɗaya da igiya mai kauri. Ba wanda ya tambayi wani me za a yi. Suka shimfiɗa katakan a gefen ramin don ta zamo a kansu. Suka naɗe igiyar da buhu don kada ta yanke ta. Matar ta durƙusa ta tallafe kan saniyar sama da ruwa tana yi mata magana a hankali kamar mai lallashin jariri. Saura wanda zai shiga laka ya zura igiyar ta ƙarƙashin ƙirji, sai na faɗa ciki. Sanyin ruwan ya kai mini har ƙashi. Na zura, suka ɗaure, doki ya ja taku ɗaya ya tsaya, ya ja ya tsaya, har ta fito tana rawar jiki. Suka goge ta da busasshiyar ciyawa, suka lulluɓa mata bargo.

Suka kai ni gidan dattijon, suka zaunar da ni bakin murhu, aka kawo madara mai ɗumi da gurasa da cukunsu mai kauri. Dattijon ya dafa kafaɗata ya ce wa maƙwabta, "Baƙo daga wata duniya ya shiga laka saboda saniyata, matata ta shekara talatin ta kasa sa sakata." Suka yi dariya. Ita ce ta zuba mini madara ta biyu, idonta ja, ba ta dube ni ba. Na sha. Na hau keke na sa kogi a hagu na koma, ko sau ɗaya ban ɗaga kai na kalli komai ba.

Kwana bakwai ina sallah ina jin kamar ban yi ba. Lahadi ta zagayo na sake karɓar keken. Na tarar da dattijon yana gyaran gadar. Na tambayi saniya, ya ce tana raye, amma ta yi ɓarin ɗan maraƙin kwana biyu bayan faɗuwar. Na cire hula na ce a kira mini uwargida. Da ta fito na faɗa musu kome, har sandar da na jefa a ruwa.

Dattijon ya juya ya dubi filin. Sannan ya ce, "Ciyawa ka ɗauka hatsi?" Ya tsugunna ya tsinko ta ya nuna mini, ya ce suna shuka ta, suna zuba mata taki, don shanun ake yin gonar tun farko. Da ya ji yadda ake yi a garinmu sai ya gyaɗa kai ya ce, "Da gonar hatsi ce, da ka cece ni."

Matar ba ta karɓi wannan ba. Ta ce, "Korar shanun ba ta dame ni ba, bawan Allah. Amma ka zauna a kujerata ka sha madarata ana zagina." Ta juya wurin mijinta ta ce, "Kai kuma, a gaban mutum uku ka faɗa, a gaban mutum uku za ka janye."

Ya ajiye guduma, ya tafi ya kirawo su, ya janye a gabana. Ni kuma na roƙe ta gafara sau biyu. Ta ce ta ji, ta shige ciki ta rufe ƙofa. Ban san ko ta yafe ba, ina dai roƙon Allah Ya sa ta yafe.